Ba tsoro kaɗai ke hana manya koyon tuƙi a zangon Kumasi ba

A Kano, magidanci ɗan shekara 40 da bai iya tuƙi ba yana shan tsokana a majalisa. A nan Kumasi ba mai ce masa uffan. Akwai alhazai a Aboabo da Asawase masu shago biyu ko uku a kasuwar Kejetia, da hajiyoyi masu sarin atamfa da kuɗinsu a ƙugu, waɗanda ba su taɓa riƙe sitiyari ba. In ka tambaya sai a ce maka tsoro ne. Ni ban yarda ba. Mutumin da ke hawa bayan babur ba hular kwano a Anloga Junction ba matsoraci ba ne. Abin da ya rasa shi ne motar da zai yi ta gwadawa, da wurin da zai yi kuskure ba a gaban idon jama'a ba.

Dubi yadda yaron Kano ke koya. Da wanke motar Baba ake farawa, sai tada ta da safe, sai matsar da ita inuwa. Wata rana bayan la'asar yayansa ya kai shi filin idi, ya yi ta zagaye har hannunsa ya faɗa. Kafin nan ma ya daɗe a kan babur, ya san halin titi. Garin kuma shimfiɗe yake, ba hawa ba gangara. Aibin wannan hanya sananne ne: da yawa sai sun shekara suna tuƙi kafin su nemi lasin, kuma alamomin titi sai dai a cinta.

A zango abin a juye yake. Gidajen haya ne, ɗaki-ɗaki, lungun ba ya ɗaukar mota, ga kwata a bakin ƙofa. Mai mota sai ya kai ta gidan mai ko harabar wata makaranta ta kwana, ya biya mai gadi. Yaro ya tashi bai taɓa riƙe makulli ba, kuma bai ji buƙatar ba, tunda tirotiro, wato ƙananan bas na haya, da firagiya, wato abin da muke kira adaidaita sahu, suna kai shi ko'ina. Hanyar da ta rage masa ita ce ta hukuma: ya cika shekara 18, a gwada idonsa, ya shiga makarantar tuƙi da DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi ta Ghana, ta amince da ita, ya karɓi takardar koyo ya liƙa alamar L ta ɗan koyo gaba da baya, ya zauna jarrabawar kwamfuta, sannan gwajin titi bayan takardar ta yi wata 3. Lasin ƙaramar mota ajin B ne. Tsarin ya fi na filin idi tsabta, wannan gaskiya ne, amma dattijon da karatunsa na allo ne, jin kalmar kwamfuta kaɗai ya isa ya ce a bari sai baɗi. Af, hannun tuƙi dai ɗaya ne: Najeriya ta koma dama a 1972, Ghana ta bi baya a 1974, don haka wanda ya iya a can bai da abin sakewa a nan.

To a ce ya daure ya samu lasin. Nan ne ake yawan yin asara. Lasin ya shiga aljihu, mota babu, bayan wata shida ƙafa ta manta kuloci.

Kuma Kumasi ba ta yafe wa mai mantuwa, don gari ne na tudu da gangara. Tashi a kan hawa shi ne abin da ke korar ɗan koyo, alhali matakansa ba su da yawa. Ka ja hambirki. Ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya ta ɗaya. Ka ɗan ba ta totur, allurar inji ta kai wajen 1,500 zuwa 2,000. Ka riƙa ɗaga ƙafar hagu a hankali har ƙarar inji ta sauya, ka ji motar tana son tafiya. A nan za ka tsayar da ƙafar cak, ka sauke hambirki, sai ta motsa, sannan ka ƙarasa sakin kulocin. Wanda ya saki kuloci da sauri motarsa za ta mutu, saboda ya ɗora wa inji nauyin fiye da tan guda lokaci ɗaya. Wanda ya sauke hambirki kafin kuloci ya kama zai sulale baya ya daki na bayansa. Wanda kuma tsoron mutuwar mota ya sa ya danna totur ya bar ƙafarsa rabi a kan kuloci, shi ne zai ji wari kamar ana ƙona roba, farantin kuloci ne ke cinyewa. Wannan warin ne ya sa mai mota ba ya ba da aro, don shi zai je Suame Magazine, unguwar makanikai, ya biya kuɗin sauke giyabos. Dama kayan aro ba ya rufe katara.

Ga kuma kunya. Mota ta mutu a kan danja, na baya sun cika wuri da ham, yaron tirotiro ya leƙo ta taga yana faɗar abin da ya zo bakinsa. Ɗan shekara 18 dariya zai yi ya sake tadawa. Alhaji mai babbar riga, wanda rabin fasinjojin suka san shi a sahun gaba na masallaci, ba zai sake ba.

Har ladabinmu kansa yana shiga tsakani. Mai koyarwa yana buƙatar kalma ɗaya: birki! Amma ɗa ba ya daka wa ubansa tsawa. Sai ka ji "Baba, da dai an ɗan sassauta, akwai mutum a gaba." Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, iyakar da doka ta sa a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kafin a ƙare wannan jimla ta ladabi an wuce mita 40. Miji da mata kuma nasu ya fi muni, faɗan titi ya biyo su har tukunya. Babba ya koya a hannun bare, a motar makaranta mai birki a gefen malami, wannan ba ƙasƙanci ba ne.

Motoci masu giyar otomatik da ake shigowa da su daga Amurka sun rage rabin wahalar, kuma duk wanda ya haura 40 da ita nake ba shi shawarar farawa. Tata matsalar guda ce: taka totur a maimakon birki. Maganinta a ajiye ƙafar hagu gefe kamar babu ita, a kafa diddigen dama a ƙasa daidai birki, daga nan ƙafar ta riƙa karkata zuwa totur ta dawo. Kada a matsar da giya daga P, wato fakin, sai ƙafa na kan birki, don a D, wato giyar tafiya, motar tana rarrafawa da kanta.

Akwai waɗanda ƙin koyonsu daidai ne. Hawan jinin ido ya yi yawa a Ghana, kuma ganin gefe yake fara ci ba tare da ciwo ba. A shataletalen Suame, inda dole ka ba na hagunka hanya, ganin gefen ne rayuwarka. Haka ɗan kasuwar da ya lissafa inshora, takardar lafiyar mota, fetur da kuɗin fakin a Adum, tsakiyar gari, ya ga shatar tasi ta fi sauƙi, lissafinsa bai ɓaci ba.

Inda nake da ja shi ne gidan da ke da mota amma direba ɗaya tal. Maigida ya tafi Tamale, naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare, mota na fake a gidan mai, makulli na rataye a ƙusa, ana buga ƙofofin maƙwabta ana neman wanda zai kai asibitin Manhyia. Irin wannan gida ya kamata a samu mutum na biyu, ko Hajiya ko babban ɗa. Minti 45 sau uku a mako ya fi awa uku a rana guda, kuma a ci gaba bayan lasin ya fito, ko da hayar motar makarantar za a yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Lahadi bayan asuba, kafin masu zuwa coci su fito.