Gidan Savoy da akwatin lu'ulu'un da ke bankin Italiya

Tun da 'ya'yan Umberto na Biyu, sarkin Italiya na ƙarshe, suka garzaya kotu a Roma a 2022 suna neman a miƙa musu kayan adon sarautar da ke ajiye a babban bankin ƙasar, zancen nan yake ci mini rai. An kai akwatin bankin ne a ranar 5 ga Yunin 1946, kwana uku bayan Italiyawa sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama sun kawar da sarauta. Masu goyon bayan iyalin suna cewa gadon kakanni ne, kuma gado ba ya ruɓewa. Wannan magana ba ta da nauyin da za a tsaya a kanta.

Babu mai musun tsufan gidan Savoy, wato gidan sarautar su Umberto. Tun ƙarni na 11 suke mulki a tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya, kuma ɗansu Vittorio Emanuele na Biyu ne ya zama sarkin haɗaɗɗiyar Italiya na farko a 1861. Amma in gado ake nema, sai a ɗauke shi dukansa, har da bashin da ke cikinsa.

Vittorio Emanuele na Uku, mahaifin Umberto, shi ne ya ƙi sa hannu kan dokar ta-ɓaci a Oktoban 1922, ya damƙa wa Mussolini gwamnati. A ƙarƙashin tutarsa aka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya. Sojojinsa suka yi wa Habasha ruwan iskar guba, shi kuma a 1936 ya karɓi laƙabin sarkin sarakunan Habasha ba tare da ko gezau ba. A 1938 ya rattaba hannu kan dokokin wariya da suka kori Yahudawa daga makarantu da ma'aikatu. Da abin ya ɓaci wa Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu, a Satumban 1943, sai ya tsere daga Roma zuwa Brindisi, ya bar sojoji babu mai ba su umarni. To, waɗanda suka fito daga tsatson wannan mutum ne a 2007 suka nemi diyyar Yuro miliyan 260 saboda wai an hana su shiga ƙasa. Kunya dai ta yi ƙaranci.

Ai Italiya ta ga wani gidan da ya san darajar kansa. Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuriyar Medici da ta mulki birnin Florence, ta sa hannu a 1737 kan yarjejeniyar da ta bar zane-zane da dukiyar gidansu ga jama'a, da sharaɗin kada a fitar da su daga Florence. Har gobe mutane na tururuwa zuwa gidan tarihin Uffizi da ke Florence saboda wannan shawara tata.

Abin da ya kamata shi ne a fito da akwatin daga ɗakin ajiyar banki a kai shi gidan tarihi, a rubuta sunan Addis Ababa da na Umar Mukhtar a jikin gilashin, yadda duk wanda ya zo kallon lu'ulu'un zai karanta.