Kwana goma sha ɗaya ina yi wa wani haƙa

Masu tare ni a hanya suna tambayar labarin injin haƙar Bitcoin ɗin da na saya, ga shi nan sau ɗaya, don Allah a bar ni haka.

Kun san farkon abin. Ɗan abin da na tara na zuba a tsohon katin hoto na kwamfuta, wai zan haƙo Ethereum, wani kuɗin intanet, wato na'ura ta yi ta lissafi ana biyana da shi. Sai da kaya ya shigo hannu na ji ashe an rufe haƙar Ethereum tun Satumban 2022. Wannan ba na so a tayar da shi. Na karyar da katin, na cika da abin da na ranta, na sayi injin haƙar Bitcoin, Antminer S9, na hannu. Ƙirar 2016 ce, tsufansa ne ya sa kuɗina suka kai. Mai sayarwa ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, a saite yake, jonawa kawai za ka yi." Ni kuwa har godiya na yi masa da ya rage mini wahala.

Ba wanda ya gaya mini abin yana da murya. Fankoki biyu gare shi, gaba da baya, idan suka ɗauka sai ka rantse jirgi ne zai tashi daga ɗakin ajiya. Ba ya kama intanet ta iska, sai da na ja waya ta tsakiyar falo, kowa ya zo wucewa sai ta harɗe shi. Wuta kuwa wat 1,300 da ɗoriya yake sha, ba dare ba rana, wato sama da yunit 30 kullum. Ina kallon mita tana zuba kamar tulun da ya fashe, ina ce wa kaina ai sai an zubar ake tsinta. Uwargida ta daina yi mini magana a rana ta uku, amma ban lura ba sai a ta biyar, don ko ta yi ba ji zan yi ba.

Na dai buɗe asusu a wani gungun masu haƙa, irin taron dangin nan da ƙananan injuna ke haɗa ƙarfi a raba abin da aka samu. Kullum na duba waya sai in ga sifili. Ban damu ba. Koriyar fitila tana ƙiftawa, iska mai zafi tana fita, aiki na tafiya ke nan. A lissafina, tunda injin da wayata intanet ɗaya suke sha, za su gane juna da kansu.

Rana ta goma sha ɗaya Yaya ya zo, yayan uwargida, da ɗansa mai shekara goma sha huɗu. Maƙwabcina ma ya shigo kawo ƙarar hayaniya, na riƙe shi, na ce ya tsaya ya ga abin da ke hana shi barci. Na jera su a ƙofar ɗakin ajiya na fara lacca, da ihu, don sai da ihu ake jin juna. Na ce duk minti goma ake rufe shafi ɗaya na littafin Bitcoin, wanda ya rufe a ba shi Bitcoin 3.125, da 6.25 ne kafin a raba shi biyu a Afrilun 2024. Na ce gaba ɗaya Bitcoin miliyan 21 za a taɓa samu, mai rabo ya yi sauri. Har wahalar lissafin da ake sake aunawa duk bayan shafi 2,016 sai da na kawo, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan injin, har ya ƙona ni na janye a hankali kamar da ma niyyata ke nan.

Sai yaron ya ce, "Kawu, nawa ka samu zuwa yanzu?"

Na ce irin wannan harka ba a yi mata gaggawa.

Ya ce, "Kawu, ara mini kwamfutarka."

Da na sani da na ce ba caji. Ya zauna a ƙasa, ya lalubo adireshin injin, ya buga kalmar sirrin da ake sayar da su da ita, wadda ban ma san akwai ta ba, shafi ya buɗe. Ya yi shiru. Ya matso da fuskarsa. Sannan ya ɗaga kai, da ladabinsa, wallahi da ladabinsa, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, ya ce, "Kawu, wane ne wannan?"

Na leƙa. Sunan kasuwancin mutumin da ya sayar mini ne zaune a gurbin mai asusu. Bayan sunan akwai ɗigo, sai lamba 07.

Na ce, "Wannan ai sunan kamfani ne."

Ya ce, "A'a Kawu, nan ne inda ladan ke tafiya. Bakwai ɗin kuma lambar ma'aikaci ce."

Daidai nan maƙwabcina ya miƙa hannu ya kashe soket, wai don a ji bayani da kyau. Fankokin suka yi ta sassautowa har suka tsaya. Kwana goma sha ɗaya gidan bai ga shiru ba, sai a lokacin da na fi bukatar hayaniya. A cikin shirun nan yaron ya maimaita, ko da wani bai ji ba: "Kawu ne na bakwai."

Yaya bai yi dariya ba. Da ya yi dariya da na samu abin faɗa. Gilashinsa ya cire, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ido ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya ce, "Wato Injiniya, kai ke biyan wuta, shi ke ɗaukar albashi." Sannan ya juya wurin ƙanwarsa, wadda ban san lokacin da ta zo ta tsaya a bayana ba, ya ce, "Haƙuri za ki ƙara."

Haƙuri za ki ƙara! Yaya fa. Mutumin da ya yi wata huɗu yana dangwalar fuskar waya da yatsu uku, wai yana tara kuɗin intanet, har sai da yatsansa ya kumbura, ya sa yaransa karɓa-karɓa da dare, ranar rabo abin da ya fito bai kai na datar da ya ƙona ba. Na faɗa wa kowa? Ban faɗa ba, sai yau. Kuma tsanina yana gidansa shekara uku ke nan. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce ai yana nan lafiya, kamar gaisuwa na aika masa. Ran nan na hango shi a jingine, an ma yi masa fenti. Wannan mutumin ne yau yake ba da haƙuri a kaina, a gidana, yana goge gilashi.

Yaron dai ya gyara saitin cikin minti biyu, ya sa sunana. Sannan ya buɗe shafin lissafi, abin da ya kamata in yi kafin in sayi komai. Abin da injin zai kawo a rana bai wuce satoshi dubu ɗaya ba, kuma sai an tara satoshi miliyan 100 ake samun Bitcoin ɗaya. Gungun da na shiga ba ya biya sai ka kai satoshi 100,000, wato wata uku da kwanaki ina jira, wutar da zan sha kafin nan ta ninka abin sau da yawa. Yaron ya ce, "Kawu, kada ka damu, abin da ya ci naka ba shi da yawa." Ya ɗauka lallashina yake yi.

Na kira mutumin da ya sayar mini da daddare. Ya ce, "Au, ban cire ba? Wallahi mantuwa ce." Na tambaye shi sauran shidan fa, su ma mantuwa ce? Sai layi ya fara rawa.

Injin yana nan. Na ƙara kunna shi kwana biyu da sunana, don dai a ce na taɓa yi wa kaina aiki. Uwargida ta ce a kwanakin nan kayan yara ba su taɓa bushewa da wuri haka ba, ta tambaya ko za a riƙa kunna shi ranar wanki. Ban ba ta amsa ba tukuna. Wanda zai bi ta wajen Yaya ya tuna masa tsanin.