Kofin Sarkin Japan: gasar da ɗalibi ke kayar da ƙwararre

Ranar 16 ga Oktoban 2022, a filin wasa na Nissan da ke Yokohama, wani ɗan baya mai shekara 42, Hideomi Yamamoto, ya taso daga benci ana cikin ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na Kofin Sarkin Japan. Ƙungiyarsa Ventforet Kofu 'yar rukuni na biyu ce, kuma ta zo wasan ne bayan ta yi ta shan kashi a jere a lig. Abokiyar karawarta, Sanfrecce Hiroshima, ita ce ta ƙare ta uku a babban rukuni a shekarar. Kofu ce ta fara zura ƙwallo ta hannun Kazushi Mitsuhira, ta riƙe ta har saura 'yan mintoci a tashi, sai Hiroshima ta farke. Yamamoto bai daɗe da shiga ba ƙwallo ta bugi hannunsa a gidansu, alƙali ya nuna fenariti. Mutumin da ke sanye da rigar Kofu tun 2003, ga shi yana shirin zama silar rasa kofi ɗaya tilo da garinsu ya taɓa kusanta.

Mai tsaron raga Kohei Kawata ya faɗa ɓangaren da ya dace, ya ture bugun. Aka tashi kunnen doki 1-1, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kawata ya sake tare ɗaya. Bugu na biyar, wanda zai raba gardama, Yamamoto aka ba. Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya saka ta a raga. Kofu 5, Hiroshima 4. Na kalli bidiyon wannan bugu ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da na kalla fuskar dattijon nan nake dubawa kafin ya buga. Da tsohuwar zuma ake magani.

A ganina wannan kofi shi ne abu mafi daraja a ƙwallon ƙafar Japan, ya fi lig ɗin J1, wato babban rukunin ƙwararru, ya fi Kofin Levain, kofin ƙungiyoyin lig, da manyan ƙungiyoyi ke ji da shi. Dalilina kuwa shi ne, shi kaɗai ne wurin da dukan ƙwallon ƙasar ke haɗuwa a fili guda, daga mai albashin miliyoyi har ɗalibin da zai koma aji washegari. Kuma ina da fargabar masu tsara jadawali suna rage masa ƙima a hankali.

An fara gasar a 1921, shekarar da aka kafa hukumar ƙwallon ƙasar, bayan hukumar Ingila ta aiko musu da kofin azurfa a 1919. Wato ta girmi lig ɗin ƙwararru da fiye da shekara 70. A shekarun farko jami'o'i ne suka mamaye ta, har yau Jami'ar Keio na cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar kofin. Tsarin yanzu na ƙungiyoyi 88 ne: 'yan J1 da J2 (rukuni na biyu) suna shiga kai tsaye, ana ware gurbi ɗaya ga zakarun 'yan dagaji, sannan kowane ɗaya daga lardunan Japan 47 yana turo wakili ɗaya bayan ya yi tasa gasar fitar da gwani. Nan ne sirrin yake. Ƙungiyar da ke J3, duk da ƙwararru ne 'yan wasanta, sai ta fara tsallake jami'ar unguwarsu da ƙungiyar ma'aikatan kamfani kafin ta samu tikiti. Ba lardin da ake bari a baya, komai nisansa da Tokyo, daga Hokkaido mai ƙanƙara har tsibiran Okinawa.

Masu zuwa gidan kallo sun san Kaoru Mitoma na Brighton, yadda yake yanke 'yan baya a gefen hagu. Kaɗan ne suka san inda Japan ta fara saninsa. A 2017 yana ɗan shekara 20, ɗalibi a Jami'ar Tsukuba, makarantarsu ta je gidan Vegalta Sendai ta J1 a zagaye na biyu na wannan kofi. Ya ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu, ya ratsa tsakiyar fili da ita babu wanda ya iya tare shi, ya ɗirka ta a raga. Ya ƙara ta biyu daga baya, ɗalibai suka ci 3-2. Yaron nan ya taso ne a makarantar horar da yara ta Kawasaki Frontale, an yi masa tayin zama ƙwararre ya ce sai ya yi jami'a tukuna, don yana ganin bai kai ba. Sai a 2020 ya fara buga wa Kawasaki a matsayin cikakken ƙwararre, a 2021 Brighton ta saye shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Tawagar da ta doke Jamus da Sifaniya a Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Qatar cike take da waɗanda suka bi ta jami'a: Yuto Nagatomo daga Meiji, Ayase Ueda daga Hosei, Hidemasa Morita daga Ryutsu Keizai, Shogo Taniguchi shi ma daga Tsukuba. Junya Ito ya fito daga Jami'ar Kanagawa, kuma ƙungiyar da ta fara ba shi kwantiragi a 2015 ita ce Kofu ɗin nan. Yaro ɗan shekara 19 da manyan ƙungiyoyi suka tsallake yana bukatar wurin da zai gwada ƙafarsa da ƙwararru a wasan gaske, wanda in an ci ka ka fita, ba wasan sada zumunta ba. Kofin Sarki ne ke ba shi wannan wuri. A 2024 Tsukuba ta sake yi, ta fitar da Machida Zelvia a bugun fenariti a daidai lokacin da Machida ke saman teburin J1. Honda FC kuwa, ƙungiyar kamfanin motoci da ta ƙi shiga sahun ƙwararru, ta fitar da Urawa Reds a 2019 da Yokohama F. Marinos a 2021.

Harafin F ɗin nan da ke sunan Marinos ma labarin wannan kofi ne, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Lokacin da aka buɗe J.League, lig ɗin ƙwararrun, a 1993 da ƙungiyoyi 10, shugabanta na farko Saburo Kawabuchi ya dage sai an cire sunayen kamfanoni an sa na garuruwa. Ƙungiyar Mazda ta zama Sanfrecce Hiroshima, ta Matsushita ta zama Gamba Osaka, ta Sumitomo ta zama Kashima Antlers. Amma suna kawai aka sauya, aljihun kamfani ne ke riƙe da su. A Oktoban 1998 ɗaya daga kamfanoni biyu da ke ɗaukar nauyin Yokohama Flügels, wani kamfanin gine-gine, ya janye saboda matsin tattalin arziki, ɗayan kuma ya amince a narkar da ƙungiyar cikin abokiyar hamayyarta ta gari ɗaya, Marinos, wadda daga nan ta ɗauki harafin F na Flügels a sunanta. Ba a shawarci magoya baya ba, ba a shawarci 'yan wasa ba. Aka yi ta tattara sa hannu a tituna, bai hana ba.

Abin da ya rage wa Flügels shi ne Kofin Sarki. Kowane wasa suka shiga sun san in an ci su, ranar ce ƙungiyar za ta mutu. Ba a ci su ba. Suka yi ta ƙara wa kansu kwana, zagaye bayan zagaye, har ranar 1 ga Janairun 1999, inda suka doke Shimizu S-Pulse 2-1 a babban filin ƙasa na Tokyo bayan an fara cin su. Suka ɗaga kofi, ƙungiya ta watse. Lig ba za ta taɓa ba da irin wannan ba, domin a lig an san ranar wasanka na ƙarshe tun kafin a fara. Magoya bayan da suka ƙi komawa Marinos suka kafa Yokohama FC da kuɗin aljihunsu, kuma zuwa 2007 ta hau J1.

Na san abin da masu suka ke cewa, kuma ba duka ne zancen banza ba. Suna cewa yawancin abin mamakin da ake gani a zagayen farko ba bajinta ba ce, manyan ƙungiyoyi ne ke ajiye gwanayensu su zuba 'yan benci, saboda wasan ya faɗo daren Laraba tsakanin wasannin lig biyu. Gaskiya ne ana yin haka. Sai dai 'yan bencin J1 ƙwararru ne masu atisaye kullum, albashinsu ke nan, sana'arsu ke nan. In ɗalibai suka ci su, to an gano wani abu game da zurfin ƙungiyar da kuma ingancin ɗaliban. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Kuma wannan uzuri bai shafi Kofu ba sam: ƙungiyoyin J1 biyar ta bi ta kansu a jere, Consadole Sapporo, Sagan Tosu, Avispa Fukuoka, Kashima Antlers, sannan Hiroshima. Ba wanda ke ajiye gwanayensa a wasan kusa da na ƙarshe.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Kofin ya ba Kofu gurbi a Gasar Zakarun Asiya, alhali ta ƙare ta 18 a rukuni na biyu. Aka ce yaya za a tura irin wannan ta wakilci ƙasa, ta je ta zubar wa Japan da mutunci? Ko filinta na lardin Yamanashi bai cika sharuɗɗan hukumar Asiya ba, dole ta kwashe wasanninta na gida zuwa Tokyo. Ga abin da ya faru. An haɗa ta rukuni ɗaya da Melbourne City ta Ostireliya, Zhejiang ta Sin da Buriram United ta Tailan, ta ƙare a saman rukunin. Sai a zagayen 'yan 16 Ulsan ta Koriya ta Kudu ta tsayar da ita. A layin gaban Kofu akwai ɗan Najeriya Peter Utaka, ƙanen John Utaka, yana da shekara 39 yana ci musu ƙwallaye, shi da ya taɓa zama ɗaya daga biyun da suka fi zura ƙwallo a J1 a 2016 da ƙwallo 19 lokacin yana Hiroshima. A waɗannan darare na Tokyo, magoya bayan wasu ƙungiyoyi sun riƙa zuwa da rigunan ƙungiyoyinsu suna zama a bayan raga suna yi wa Kofu waƙa. Wanda ya ga El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki Kofin Tarayya a 2024 tana fitowa daga rukuni na biyu ya san irin daɗin da nake nufi, kuma ya san ba sa'a kaɗai ke kai ƙungiya nan ba.

Inda nake ganin haɗarin yake shi ne kalanda. Shekaru da dama wasan ƙarshe ranar 1 ga Janairu ake yinsa a babban filin ƙasa. Sabuwar shekara ita ce babban bikin Japanawa, ranar da iyali ke taruwa a gida, don haka har kakar da ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba tana ganin wasan a talabijin. A irin wannan rana ce ta 2020 Vissel Kobe, da Andres Iniesta a tsakiya, ta ci Kashima 2-0 ta ɗauki kofinta na farko a tarihi, a sabon filin da aka gina domin Olamfik. Daga baya abin ya riƙa yawo: Disamba a kakar 2021, Oktoba a 2022, Disamba a 2023, Nuwamba a 2024. Kowace shekara da dalilinta, wani lokaci Kofin Duniya, wani lokaci Kofin Asiya. Akwai kuma koken 'yan wasa, wanda na yarda da shi: a lokacin lig na ƙarewa a farkon Disamba ta dawo a Fabrairu, saboda haka wanda ya kai wasan 1 ga Janairu hutunsa ya gajarce sosai fiye da na sauran. Amma gasar da ranarta ke yawo tana fita daga zukatan mutanen da ba 'yan ƙwallo ba, su ne kuwa suka mayar da ita bikin ƙasa. Yanzu da J.League ta yanke shawarar komawa kakar da ke farawa a Agusta ta ƙare a Mayu daga 2026, koken gajeren hutu ya faɗi, tunda Janairu ta zama tsakiyar kaka. Ban ga sauran hujjar raba wasan ƙarshe da ranarsa ba.

Hukumar ƙwallon Japan ta nuna tana iya tsayawa wa kofin in ta so. A Agustan 2023, bayan Nagoya Grampus ta fitar da Urawa Reds, wasu magoya bayan Urawa suka kutsa fili suka tada yamutsi. Urawa ita ce mai riƙe da Kofin Zakarun Asiya a lokacin, tana cikin masu tara 'yan kallo mafi yawa a ƙasar, amma aka hana ta shiga gasar 2024 ɗungurungum. An yi asarar kuɗin tikiti, an kare mutuncin gasa. Irin wannan ƙarfin hali nake so a nuna wajen jadawali. A ɗauke zagayen da ƙananan ƙungiyoyi ke haɗuwa da manya daga daren Laraba a mayar da shi ƙarshen mako. A daina barin babba yana karɓar baƙuncin ƙarami a filinsa da rabin kujeru babu kowa, a tura shi ya je garin ƙaramin, yaran lardin su ga 'yan wasan da suke gani a talabijin da idonsu, kuɗin ƙofa kuma ya zauna inda aka fi bukatarsa. Kada kuma a taɓa guraben larduna 47, ko da manyan ƙungiyoyi sun yi kukan yawan wasanni. Tun 2024 Kofin Levain ya buɗe ƙofa ga dukan ƙungiyoyi 60 na J1, J2 da J3, wanda abu ne mai kyau, amma ba ɗalibi a ciki, ba ma'aikacin kamfani. In ana neman inda za a rage wasa domin 'yan wasa su huta, daga can ya kamata a fara.