Rigimar masoya Gundam: an bar jaki ana dukan taiki

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan masoya Gundam na Japan suna musu a kan abu guda: wane ne Gundam na gaskiya? Tsofaffin hannu suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, duk abin da aka yi bayan zamanin Amuro Ray da abokin gabarsa Char Aznable, taurarin shirin farko, kwaikwayo ne. Matasa kuma suna cewa zamani riga ne, ba za a tilasta musu kallon tsohon zane na 1979 kafin a karɓe su a matsayin masoya ba. Na daɗe ina bin wannan muhawara, kuma ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Ga wanda bai sani ba, Gundam jerin finafinan zane ne na Japan, irin waɗanda ake kira anime, a kan manyan mutum-mutumin yaƙi da mutane ke shiga ciki su tuƙa. Na farkonsu ya fara fita a talabijin ranar 7 ga Afrilu, 1979, daga kamfanin Sunrise, ƙarƙashin darakta Yoshiyuki Tomino. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 15, Amuro, da yaƙi ya ritsa da garinsu a sararin samaniya, ya faɗa cikin na'urar da mahaifinsa ya ƙera, mai suna Gundam, daga nan sojoji suka ƙi sakinsa. Abin da ya bambanta shirin da na gabansa shi ne na'urar makami ce kawai, kamar tankar yaƙi, abokan gaba kuma mutane ne masu iyaye da 'ya'ya.

Masu cewa na asali shi ne tsantsa, su tuna yadda aka haife shi. Kamfanin kayan wasan yara mai suna Clover ne ya ɗauki nauyinsa, kuma don a sayar wa yara ne aka shafa wa makamin ja da shuɗi da rawaya. An tsara kashi 52, amma da masu kallo suka yi ƙaranci aka datse shi a 43. Abin da ya ceci Gundam daga mutuwa shi ne ƙananan siffofin roba da kamfanin Bandai ya fara sayarwa a watan Yulin 1980 a kan yen 300, waɗanda mai saye ke harhaɗawa da hannunsa, ana kiransu Gunpla. Zuwa 2021 an fitar da fiye da miliyan 700. Saboda haka idan wani ya ce sababbin shirye-shiryen talla ne kawai na kayan roba, gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta cewa na Tomino ma da kuɗin talla aka yi shi tun ranar farko.

Kuma wannan kuka na "an ɓata mana Gundam" ba yau aka fara shi ba. An yi shi a 1994 da G Gundam ya watsar da tsohon tarihin ya koma gasar dambe tsakanin ƙasashe. An yi shi a 1999 saboda gashin bakin da Ba'amurke Syd Mead ya zana wa na'urar shirin Turn A Gundam, alhali Tomino da kansa ne daraktan. An yi wa Gundam SEED a 2002, aka ce na 'yan mata ne masu son kyawawan samari. Yau yaran da suka taso da SEED sun girma, kuma fim ɗinsa na 2024 ya fi kowane fim na Gundam tara kuɗi a gidajen kallo, ya karya tarihin da ke tsaye tun 1982. Wasu daga cikinsu su ne yanzu ke harara ga masu tasowa.

To ina jakin yake? Yana cikin wani saɓani da Gundam ke ɗauke da shi a jikinsa. Labari ne da ke ƙyamar yaƙi, amma yana cin abinci da sayar da siffar makamai. Yana cewa dubi yadda manya ke tura yara su mutu, sannan ya zana makamin da kyawun da zai sa ka so ka mallake shi. Tambayar da ta kamata masoya su yi wa kowane sabon shiri, su kuma yi wa kansu, ita ce: wane ɓangare ne ya rinjaya?

Babu wanda ya fuskanci wannan tambaya kai tsaye kamar War in the Pocket na 1989, mai kashi shida kacal, wanda kuma shi ne na farko da ba Tomino ya ba da umarni ba. (Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan faɗi ƙarshensa.) Al yaro ne ɗan shekara 11 da ke zaune a yankin da ba ruwansa da yaƙi. Yana zana makaman a littafinsa na makaranta, yana fahariya da bajon soja a gaban abokansa. Ya ƙulla abota da wani sabon sojan Zeon (ƙasar mazauna sararin samaniya da ke yaƙi da gwamnatin duniya) mai suna Bernie, yana taya shi leƙen asiri yana jin kamar wasa ne. Maƙwabciyarsu Chris, wadda Al ke ɗauka tamkar yayarsa, wadda kuma Bernie ya fara so, ita ce matuƙiyar Gundam ɗin da aka turo shi ya lalata, kuma babu wanda ya san haka a cikinsu. Ranar Kirsimeti suka gwabza. Al ya rugo yana ihu su tsaya, domin harin da Zeon ta shirya kai wa garin, wanda Bernie ke neman hanawa, an riga an daƙile shi, amma ba mai jinsa. A gabansa ta kashe Bernie, kuma har ta bar garin ba ta san wa ta kashe ba. Bayan an yi sulhu, a filin makaranta, Al ya fashe da kuka. Abokansa suka dafa shi suna lallashi: kada ya damu, ai wani yaƙin zai zo, wanda ya fi wannan girma. Na kalli wannan wurin fiye da sau ɗaya, kuma kowane karo sai na ji da mu masu kallo ake.

Shi ya sa abin da ke damuna a tsakanin masoya ya wuce batun tsoho da sabo. Akwai masu ɗaga tutar Zeon, suna rera kirarinta, suna cewa ba ta yi laifin komai ba. Gaskiya ne mutanen sararin samaniya suna da ƙorafi na haƙiƙa a kan gwamnatin duniya, kuma shirin bai ɓoye ruɓewar wannan gwamnati ba. Amma Zeon ce ta sa wa fararen hula iskar guba, ta jefo gari guda daga sama ya shafe birnin Sydney, a yaƙin da ya cinye rabin 'yan Adam. A cikin shirin ma, mahaifin Gihren Zabi, jagoran Zeon, da bakinsa ya kwatanta ɗansa da Hitler. Wanda ya kalli duk wannan ya fito yana sha'awar kakin da jar na'urar Char kawai, ko da ya haddace kowace shekara ta tsohon tarihin, bai fi abokan Al fahimta ba.

Da wannan ma'auni nake kare The Witch from Mercury na 2022, wanda aka yi wa ca saboda ya fara a makaranta, kuma a karon farko mace ce, Suletta, ke jan ragamar shirin talabijin na Gundam. Masu suka sun ce wasan 'yan makaranta ne. Sai ga kashi na 12: Suletta ta murƙushe mutum da tafin hannun na'urarta don ta ceci Miorine, 'yar makarantarsu, ta sauko ta zame a cikin jini, ta miƙa mata hannu tana murmushi. Firgicin da ke fuskar Miorine a lokacin ya fi kusa da abin da Tomino ya fara a 1979 fiye da yawancin shirye-shiryen da ke ɗauke da tsofaffin sunaye. Ina da ƙorafi a kansa, domin kashi 24 sun yi masa kaɗan, an kuma gaggauta ƙarshen, ba a ba talakawan duniya da kamfanoni ke tatsa isasshen fili ba. Irin wannan sukar ce zan so in ji daga tsofaffin hannu, maimakon ƙorafi a kan jinsin matuƙiya.

Ban ce kada a sayi Gunpla ba. Zama da almakashi ana yanke ƙananan sassa ana haɗawa har tsakar dare sana'a ce mai koyar da haƙuri, kuma ita ta riƙe shirin da rai. Amma idan matashi ya tambaye ni daga ina zai fara, ba na ɗora masa kashi 43 na 1979, ba na kuma aika shi ga wanda ya fi walƙiya. Kashi shidan nan na Al da Bernie nake ba shi, in ce ya dawo mu yi magana bayan ya ga filin makarantar.