Yadda teku ta ci takalmina a Badagry

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela cikin 2024, majalisarmu ta bayan Hubbare ba ta da wata hira sai ita. Kilomita 1,068, kowa ya haddace, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗaya bakin. Da na kai albasa Legas na sauka wurin ɗan yayata a Alaba Rago, sai na ce bari in riga kwalta isa. Na ware naira dubu goma sha biyu, na ce ko sisi ba zan ƙara ba.

Yaron ya dube ni da asuba ya ce, "Kawu, ka sa ƙaramar riga da silifas, akwai rairayi da zafi." Na ce masa, "Kai ɗan nan, ni da na yi azumi a Sakkwato cikin watan Afrilu za ka koya wa zafi?" Na zuba shadda mai sitaci har da babbar riga, na kafa hula, na sa sabon takalmin fata ɗinkin dukawan garinmu.

A bakin titi motoci biyu na lodi. Na shiga mai araha ban tambayi komai ba, ashe iyakarta Agbara. Can aka juye mu, na sake biyan wata, jimla ta fi kuɗin wadda na raina. Duk mai zuwa ya tambayi yaron mota ko har shataletalen Badagry zai kai, kuma ya riƙe katin shaida a aljihu, don hanyar ce ke fita iyakar Seme da ƙasar Benin, shingayen bincike kamar ƙwaryar tasbaha.

A shataletalen, inda aka kafa gunkin sato, doguwar gangar gargajiyar mutanen garin, 'yan acaba suka yanyame ni za su kai ni Marina, bakin ruwa, inda wuraren tarihin suke kusa da juna. Na ce ƙafa ma abin hawa ce. Nan na gane zafin Sakkwato ɗan halak ne: ka yi gumi, iska ta busar. Iskar bakin teku kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar naka. Kafin in isa, sitacin ya koma koko, rigar ta manne mini kamar bashi.

Na fara da benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake wa kirari da bene na farko a Najeriya, inda Samuel Ajayi Crowther, limamin Kirista Bayarabe, ya zauna. Na so in tambayi mai jagora ko ya taɓa jin hasumiyar Gobarau ta Katsina, amma numfashina bai kai ba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kowane gida da kuɗin shigarsa, kuma mai jagora na sa ran ihsani daban. Sai da ƙananan kuɗi a hannu. In ka miƙa dubu ɗaya kana jiran canji, za ka ji an yi maka godiya.

A gidan Seriki Williams Abass kuwa dariyata ta ɗauke. Sunan ma namu ne, Sarki ne bakinsu ya mayar Seriki. Mutumin shi kansa bawa ne a da, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in ne a gidan, aka buɗe mana ɗaya wanda bai kai shagon mai shayi ba, da 'yar taga can sama, aka ce mutum arba'in ake cusawa su jira jirgi. Na ɗaga sarƙar wuya da hannu biyu na ajiye. Ni da nake ƙorafin gumi, sai na yi shiru.

Da na farfaɗo na so in nuna ni ma ba baya ba ne. Na gaya wa mai jagora cewa daga garin nan Turawan Birtaniya masu yawon bincike, Clapperton da Richard Lander, suka tashi a Disambar 1825, ba su iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba sai cikin 1826, kuma a wajenmu Clapperton ya mutu a Afrilun 1827. Ya yaba ƙwarai, ya ce tunda ni malami ne ihsanin ya kamata ya fi haka.

Saura tsibirin Gberefu, sai an ƙetare ruwa da kwalekwale mai inji. Nan na fito da makamina na ƙarshe. Ni Bagobiri ne, Bayarabe kuwa abokin wasana, don haka na nuna wa mai kwalekwalen zanen fuskata na ce ubangidansa ya zo, a yi ragi. Ya dube ni kamar allon da ba a rubuta ba. Ashe mutanen Badagry galibi Egun ne, ba su san da wannan wasa ba. Duk da haka na yi ta ciniki har ya sauko rabi, ya amince da sauri, ya ɗaura mini rigar ruwa a kan babbar riga. Saurin nan ya kamata ya ba ni tsoro.

Ƙetarawa 'yan mintoci ne. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa cikin rairayi da itatuwan kwakwa, hanyar da aka bi da bayi. A tsakiya akwai rijiyar da aka ce duk wanda aka shayar da ruwanta sai ya manta gida. Ban sha ba, amma na tuna na manta ban sayi ruwa ba. Kwakwa ɗaya ta cece ni, a farashin wanda ba shi da zaɓi.

Sai ga teku. Mutumin da ya girma a bakin gulbin Rima ya ɗauka ya san ruwa. Na matsa in ɗauki hoton da zan kashe bakin majalisa. Igiyar ruwa ba zuwanta ne abin tsoro ba, komawarta ce: tana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ta zo ta kai ni zaune, ta koma da takalmin dama. Na ga yana lilo sau biyu, ya kama hanyar Barazil.

Na dawo da ƙafa ɗaya a rairayi mai ƙuna, ina tsalle kamar mai wasan langa. Mai kwalekwale ya miƙo hannu. Na ce ai na biya. Ya ce na biya zuwa. Wurin nan sunansa da Turanci na nufin inda ba a dawowa, kuma ranar na ga alamar za a tabbatar da shi a kaina. Saura ɗari uku a aljihu, su ma jiƙaƙƙu, waya ta sha gishiri ta mutu. Na ba shi babbar riga jingina, ya matsa ta da yatsa biyu ya ƙi. Hula ya karɓa.

A Marina Allah ya haɗa ni da wani mai shayi ɗan Gwadabawa. Ya dube ni tun daga kai mara hula har ƙafa mara takalmi ya ce, "Baba, mi ya same ka haka?" Ya fanso hular, ya ba ni silifas ɗin alwalarsa da kuɗin mota, ya ƙi karɓar godiya. Da daddare na yi lissafi: dubu goma sha tara, ban da takalmi da gyaran waya. Ɗan yayata bai ce komai ba, ya dai jera silifas ɗinsa a inda zan gani.

Bayan kwana huɗu na iso majalisa na shirya labarin Clapperton. Ban ko gama sallama ba liman ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, an ce ka aika takalmi Barazil. Ɗayan sai yaushe?" Ashe mai shayin yana da waya, kuma tasa ba ta sha gishiri ba.