"Decline" ba ƙin wulaƙanci ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka "decline" da "refuse" da "reject" duk abu ɗaya ne a Turanci, wato ƙi. Ma'anarsu ta yi kusa, amma nauyinsu ya bambanta. A cikin ukun, "decline" ce ta fi ladabi. Idan aka gayyace ka walima ka ce "I must decline", tamkar ka ce ne "na gode, amma a yi mini uzuri". "Refuse" kuwa ƙi ne kai tsaye, na wanda ya kafe ya ce ba zai yi ba. "Reject" ta fi su kaifi, domin an duba abu ne aka ga bai cancanta ba, kamar takardar neman aiki da aka yi watsi da ita. Shi ya sa nakan ji ba daɗi idan ɗalibi ya rubuta wa malaminsa "I reject your invitation", ya yi wa babba tsaurin ido ba da saninsa ba.

A wajen mai POS ma ana rikicewa. Idan rasit ya fito da "declined", ba lallai ne kuɗinka sun ƙare ba. Banki ne bai amince da cinikin ba: wataƙila an yi kuskuren lambar sirri, ko wa'adin katin ya cika, ko ka wuce iyakar cirewar yini.

Kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato raguwa. "Prices declined" na nufin farashi ya sauka, babu wanda ya ƙi komai.