Ranar da Gizo ya zama ɗan Ƙoƙi

Ni dai lada na je nema. Wani abokina ya ce ana neman masu sa kai su duba littattafan da aka ɗauki hotonsu da sikana, kafin a buga wa makafi da rubutun Braille, wannan mai ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. Na ce ai kamar an yi an gama, ni da Hausa tun a nono.

Aka ba ni littafin tatsuniyoyi, shafi 120. Ashe manhajar da ke mayar da hoto rubutu ba ta ga-maciji da haruffa masu lanƙwasa. Duk inda ta ga ƙ sai ta miƙe shi ya zama k, ɗ ya koma d, ɓ kuwa wani lokaci har lamba 6 take mayar da shi. Aiki ya ƙare ya zama aiki ya kare, sarki ya karɓi baki maimakon baƙi. Na yi shafi tara ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya, idona ya fara ruwa, shayina ya huce.

Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Kwamfuta tana da wurin da za ka ce ta canza abu ko'ina a lokaci guda. Na ce duk "da" ya koma "ɗa", duk k ya koma ƙ. Minti biyu ba a yi ba na gama littafi. Har na tura wa abokina saƙo cewa wasu sun cika jan aiki.

Ranar Asabar aka buga gwaji. Takardar nan mai kauri ba arha gare ta ba, kuma shafi ɗaya na boko yakan cinye biyu ko uku. Wani dattijo makaho, malamin makaranta, shi ke tantancewa. Ya ɗora yatsu, ya yi shiru, ya koma farkon layi.

"Ɗan nan, kai ka duba wannan?"

"Ni ne, Malam," na faɗa har da gyara hula.

"To yaushe Ƙoƙi ta haifi Gizo? Mu da muna yara matarsa ce. Nan kuwa an ce Gizo ɗa Ƙoƙi."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Malam bai ko murmusa ba, ya ci gaba da karantawa a fili kamar mai labaran rediyo: Gizo ya fito ɗaga giɗa ɗa ɗare, ya nufi Ƙano, ƙare ya biyo shi, ya buɗe baƙi ya yi ihu.

"Baƙin nan da ya buɗe, su nawa ne?"

Na rasa inda zan sa kaina. Mafi ciwo, ban ajiye kwafin asali ba. Sati uku na yi ina cire lanƙwasar da na dasa da hannuna. Har yau in na yi sallama a wurin, Malam kan ɗaga kai ya ce, "A'a, mutanen Ƙano, an iso?"